Girin golf a Yamai ya yi katifa: a sauke aski ko a ƙara rairai?

Ɗan Gamkalle:
Assalamu alaikum jama'ar garka da gazon. Tambayata ga waɗanda suka san aikin filin golf. Girin ne, wato ɗan dandalin nan mai santsi inda ramin yake, faɗinsa mitir kare 500, ciyawar bermuda. Tun da ruwa ya zauna a watan Yuli ciyawa ta yi kore shar, amma in an taka sai ƙafa ta nutse kamar katifar soso. Tondez, wato injin askin ciyawa, tana barin jajayen tabo nan da can, ƙwallo kuma ba ya tafiya miƙe, yana ɗan tsalle yana karkacewa. Ana aski a milimita 5. Masu wasa sun ce a sauke zuwa 3 ƙwallo zai gudu. Me kuka gani?

Mai Tondez:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar a taɓa tsayin askin nan tukuna. Jajayen tabon da kake gani tondez ce ke nutsewa cikin laushin tana cin kara maimakon ganye. In a milimita 5 tana yin ƙwal a wasu wurare, a 3 girin ɗin gaba ɗaya zai koma tal-kwabo. Ka ɗauki wuƙa ka yanko ƙasa kamar yankan burodi, zurfin santimita 10, ka duba gefenta. Tsakanin koren ganye da ƙasa za ka ga wani layi ruwan ƙasa-ƙasa na matattun kara da jijiyoyi da suka sarƙe, shi ne ake ce wa katifa. Auna kaurinsa da ƴar rula ka faɗa mana.

Ɗan Gamkalle:
An yanko wuri uku. Biyu milimita 18, ɗaya ya kai 22.

Malam na Sadore:
To ga ciwon nan. A girin, in katifar ta wuce milimita 10 zuwa 12 ta fara ɓarna, kai kuma kana da ninki biyu. Bermuda dangin kiri-kiri ce, yaɗo take yi ta saman ƙasa da ta ƙarƙashi. Da zafi da ruwa da taki suka haɗu, tana fitar da sabon kara fiye da yadda tsohon ke ruɓewa, sai ya taru. Ɓarnarsa kashi uku ce. Tondez na nutsewa, wannan an faɗa. Saiwa tana zama cikin katifar ba ta sauka ƙasa, don haka da bazara ta zo rana ɗaya ba ruwa sai ciyawa ta yi yaushi. Sannan in katifar ta bushe sosai ba ta ƙara shan ruwa, sai ya gangare ta sama.

Karkacewar ƙwallo kuwa daga kwanciyar ciyawa ne. Bermuda ba ta tsayawa tsaye, kwanciya take yi gefe guda, galibi ta bi gangara. Ƙwallon da ya bi kwanciyar zai yi gudu, wanda ya yi gaba da ita zai ja birki, wanda ya ratsa ta gefe zai kauce.

Kafin komai a san wane iri ne a ƙasa, don kowane iri da iyakar askinsa. Kiri-kirin gida da ake cirowa bakin kogi, ganyenta faɗi ne, in an sauka ƙasa da santimita 1 sai ta yi sharara. Irin girin na gaske daga tashar bincike ta Tifton a jihar Jojiya ta Amurka aka fitar da su: Tifgreen a 1956, Tifdwarf a 1965, TifEagle a ƙarshen shekarun 1990. Tifgreen tana jin daɗi tsakanin milimita 4 da 6, Tifdwarf ta jure 4, TifEagle ce ake iya kaiwa 3. Duka ukun ba sa yin ƙwayar iri, da kara ake dasa su. Wanda ya kawo maka buhun iri ya ce Tifdwarf ce, ka riƙe kuɗinka.

Alhaji Mai Sanda:
Malam, da girmamawa, mu masu buga ƙwallo abin da muke so gudu ne. A talabijin girin kamar madubi, kuma an ce a milimita 3 suke aski. Me ya hana a sauke a bi da rulo mai nauyi a danne laushin?

Mai Tondez:
Alhaji, rulo yana da amfani, amma ba maganin katifa ba ne. Danne soso ka ɗaga hannu ka gani. Rulo mara nauyi sau 2 ko 3 a sati yana ƙara santsi da gudu na yini ɗaya ko biyu, kuma yana ba ka damar barin aski a sama kaɗan. Rulo mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar Agusta kuwa danƙare ta zai yi, ruwa ya daina sauka. Waɗancan na talabijin an yi makonni ana shirya su don kwana huɗu na gasa, bayan gasar ana ɗaga askin a bar ciyawa ta huta.

Malam na Sadore:
Aikin da za a yi matakai ne, kuma yanzu ne lokacinsa tunda ciyawa na cikin ƙarfinta. Rauni duk da za a yi mata a yi shi tsakanin Yuni da Satumba, tana warkewa cikin kwana 10 zuwa 14. Wanda ya yi shi a Disamba ko Janairu, lokacin da dare ke sanyi girma ya ja baya, zai zauna da tabonsa har Maris.

Da farko huda. Ƙarfen huda mai rami a ciki, wanda ke zaro ƙasa waje, kauri milimita 12, zurfi santimita 8, tazara santimita 5 kowane gefe. Wannan rami 400 ke nan a kowane mitir kare. A kwashe abin da aka zaro a fitar da shi, kar a farfasa shi a mayar, katifar ce kake son rabuwa da ita. Cokalin garka mai haƙora huɗu yana buɗe wa iska hanya amma ba ya fitar da komai, matse ƙasa yake yi gefe. Sai a cika ramukan da busasshen rairai. Lissafinsa: kowane rami yana cin kusan santimita kib 9, sau 400 ya ba da litir 3.6 a mitir kare, a girin naka litir 1,800. In burweti na ɗaukar litir 60, burweti 30 ke nan. Mutane sukan kawo rabin haka su ce ya isa, ramuka su rufe ta sama ciki fanko, bayan wata ɗaya fili ya yi gargada. Kuma ka lura huda ɗaya irin wannan ba ta taɓa ko kashi 5 cikin 100 na fuskar girin ba, don haka da katifar milimita 20 sai an yi sau biyu ko uku a daminar, da tazarar wata guda.

Na biyu tsaga da wuƙaƙen tsaye, masu yanka daga sama zuwa ƙasa. A sa su shiga milimita 2 zuwa 3 cikin katifar, a bi gefe ɗaya, a dawo a gicciye, a kwashe tarkacen da rato ko kwandon tondez. Duk sati biyu muddin ciyawa na girma.

Na uku shi ne tsefe, kuma shi mutane suka fi rainawa. Wasu ƙananan wuƙaƙe ne ko buroshi da ake ɗaurawa gaban gangar tondez. Ba ƙasa suke shiga ba. Ana sa su rabin milimita zuwa milimita 1 ƙasa da tsayin aski, su tada ganyen da ya kwanta su tsinke kan yaɗo kafin wuƙa ta iso. Sau 2 ko 3 a sati. Tsaga magani ce, tsefe riga-kafi. Inda tondez ba ta da matsefi, a ja buroshi mai tauri ko tsintsiyar kaba gaba da kwanciyar ciyawa kafin aski, yana yin rabin aikin.

Ɗan Ader:
Sannunku da aiki. Malam ya yi bayani, amma akwai wurin da ba a tsaya ba, kuma nan ne aka faɗuwa: wane rairai? Mutane na ganin tudun rairai ko'ina su ce ga shi banza. Na tudu da iska ta tara yawancinshi ya cika laushi. In anka zuba mai laushi bisa mai gautsi, ruwa shina tsayawa daidai mahaɗarsu, saiwa ta ƙi wucewa, ƙarshe ka yanko ƙasa ka iske wani baƙin layi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙa'idar da hukumar golf ta Amurka ta fara fitarwa a 1960 tana son mafi yawan ƙwayar rairan, kashi 60 cikin 100 ko fiye, ta kasance tsakanin milimita 0.25 da milimita 1. Ku na Yamai kuna da rairan kogi, amma shi ma sai an tankaɗe an wanke, don shina zuwa da laka da ƙananan tsakuwa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓalle bakin wuƙa.

Gwaji mai sauƙi: a cika kwalba rabi da rairai, a ƙara ruwa, a girgiza sosai a aje. Rairai na zama cikin minti ɗaya. Abin da ya kwanta bisanshi bayan awa biyu laka ce. In ta fito layi mai kauri, ko ruwan ya kwana da duhu, a mayar da kamiyon. Mu wajen Tawa da ƙarin gwaji guda, don ƙasarmu da farar ƙasa, ita ce ma ta sa anka kafa masana'antar siminti a Malbaza. A ɗiga ruwan binigar bisa rairan, in ya yi kumfa to akwai farar ƙasa ciki, kuma shekara da shekaru za ta sa ciyawa ta yi rawaya don ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Kuma in anka samu rairai mai kyau a tsaya gare shi. Bana wanga, baɗi wancan, shi ka sa ƙasa ta yi hawa-hawa kamar littafi.

Hajiya Mai Furanni:
Ɗan Ader ya faɗi gaskiya. Ni zan ƙara da barbaɗe na yau da kullum, wanda ba na cika rami ba. Rabin milimita duk kwana 10 zuwa 14 a lokacin girma, wato litir 250 a mitir kare 500, burweti 4 kacal. A watsa da pel a hankali kamar mai shiƙa, a bari ya bushe, a share shi ya shiga cikin ciyawa, a ba ruwa kaɗan. In bayan sharewa har yanzu fili fari ne, an yi yawa. Shi wannan ɗan rairan ne ke gauraya da matattun kara ya hana su zama katifa, shi ne kuma ke cike ƙananan kwari har fuska ta daidaita.

Sai dai ban yarda a bar takin gargajiya gaba ɗaya ba. Rairai zalla ba ya riƙe komai, a zafin Afrilu ruwa da taki wucewa suke yi.

Malam na Sadore:
Hajiya, wurin ginin girin daga tushe na yarda, a gauraya ruɓaɓɓen taki kaɗan cikin santimita 30 na rairan da saiwa za ta zauna, ƙarƙashinsa tsakuwa santimita 10 da tiyon fitar da ruwa. A wannan lokacin ma ake iya zuba fosfat ɗin Tawa, tunda ƙasashenmu na rairai sun shahara da ƙarancin fosfor kuma shi a hankali yake narkewa. Amma girin da ya riga ya yi katifar milimita 20, ciwonsa yawan abu mai ruɓewa ne, ba a ƙara masa. Ga kashin shanu na zuwa da irin tuji da harkiya da ƙarangiya, ga kiran gara.

Hajiya Mai Furanni:
To na ji na wannan girin. Amma ban sauka daga maganata ba ga wanda nasa sabo ne.

Mai Tondez:
Bari in shigo da nawa fannin, don rabin girin da ake cewa cuta ta kama su wuƙa ce ta dakushe. Girin ba a yi masa aski da tondez mai farfela, irin ta gazon gida, dukan ciyawa take yi tana yage ta. Sai mai ganga, wuƙaƙe 11 ko 14 a naɗe, suna haɗuwa da wuƙar ƙasa su yanka kamar almakashi. Kowace safiya kafin a fita, injin a kashe, a sa tsinken takarda tsakanin ganga da wuƙar ƙasa a juya da hannu: gefen dama, tsakiya, gefen hagu. Ta yanke takarda tsaf a duka ukun. In ta naɗe ta ko ta tauna, a gyara. Kar kuma a matse har ƙarfe na kukan cin ƙarfe, zafi zai lanƙwasa wuƙar. Alamar dakushewa a fili: kwana ɗaya bayan aski ka ga girin ya yi fari-fari, ka tsinko ganye ka ga bakinsa a yage da zare-zare.

Wasa wuƙa kuwa ana juya gangar baya ana shafa man wasa mai gari da buroshi mai doguwar ƙota, minti 5 zuwa 10, sannan a wanke tas. In an bar man ya zauna, da an juya gaba shi zai cinye kaifin. Bayan an zuba rairai a tsallake aski kwana ɗaya ko biyu, in akwai tsohuwar tondez a fara da ita.

Tsayin aski a auna shi a gefe biyu na ganga da sandar awo. Bambancin rabin milimita tsakanin dama da hagu ya isa ya zana layi-layi a girin. A canza fuskar aski kullum, yau gabas da yamma, gobe kudu da arewa, jibi a karkace. Zagayen bakin girin kar a yi shi kullum, nan ne taya ke murje ciyawa. Kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a aski guda. In lokacin saukewa ya yi, rabin milimita ne, a jira kwana 4 ko 5, a sake. Esansi da luwil kuma a zuba su can nesa, ɗigo ɗaya tabon wata guda ne. Da hunturu a buɗe matatar iska a kaɗe kullum.

Alhaji Mai Sanda:
To ta yaya za mu san an ci gaba, ba da baki ba?

Malam na Sadore:
Akwai ma'auni, Alhaji. Wani Ba'amurke Edward Stimpson ya ƙirƙiro shi a 1935, sanda ce mai kwari tsawon santimita 91. Ana ɗora ƙwallo a gurbinsa a ɗaga ƙarshen a hankali har ya gangaro da kansa. A saki ƙwallo uku a wuri mai daidai, a auna nisan, a koma ɗaya gefen a sake uku, a ɗauki matsakaici. Mita 2.5 zuwa 3 ya wadatar wa wasan yau da kullum. Abin dubawa a wurinku shi ne bambancin zuwa da dawowa: in fili ba gangara amma gefe ɗaya ya fi ɗaya nisa sosai, kwanciyar ciyawa ce, tsefe bai isa ba. Ku kuma masu wasa da naku aikin. Inda ƙwallo ya faɗo ya lotsa, a tura gefen lotsin zuwa tsakiya, ba a ɗago shi daga ƙasa ba, ɗagowa tsinke saiwa yake yi. Ramin kuma, mai faɗin milimita 108, a riƙa matsar da shi duk kwana 2 ko 3, kofinsa a nutse aƙalla milimita 25 ƙasa da fuska.

Ɗan Harobanda:
Ba wanda ya taɓo ruwa da taki, alhali su suka haifi katifar. Ciyawar da ta yi kore shar har tana sheƙi a Yuli, a bincika, an cika mata takin ire. Ire kashi 46 cikin 100 azot ne. Girin ba gonar masara ba ce da za a watsa da hannu. Giram 500 a narkar cikin litir 30 zuwa 40 na ruwa, a fesa wa mitir kare 500 da pompin goyo, sau ɗaya a sati, da sassafe ko bayan la'asar. Yanzu da ake fama da katifa a mayar da shi duk sati biyu, sai satin huda a ba ta don ta rufe. Ƙwayar 15-15-15 ta yi wa girin girma, tana zama bisa ganye ta ƙone wurin ɗigo-ɗigo, sauran tondez ta kwashe. In ana son kore ba tare da tsawo ba, sulfat ɗin ƙarfe kaɗan, rabin giram zuwa giram 1 a mitir kare, amma a kiyaye shi da siminti da tufafi, tabonsa ba ya fita.

Ruwa: milimita 1 litir 1 ne a mitir kare. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, girin na iya shan milimita 7 zuwa 8 a yini, wato litir 3,500 zuwa 4,000. Da damina wani satin ko ɗigo ba ya so. A jera gwangwanayen tumatir goma a girin, a buɗe ruwa minti 15, a auna kowanne. Nan za a ga wani wuri na samun ninkin wani. A ba ruwa da asuba. Na magariba yana barin ganye a jiƙe dare guda, cutar naman gwari ta samu wuri. A shato a riƙa ajiyar kwana biyu, don kuran kan ɗauke daidai lokacin da aka fi bukata.

Ɗan Ader:
Ruwan furaj kuma a kai shi a auna gishirinshi. In ka ga farin ɓawo kamar kanwa bakin girin, gishiri ya taru. Maganinshi ruwa mai yawa lokaci guda, ninki biyu ko uku na kullum, shi wanke shi ƙasa, sau ɗaya a wata da rani. Yayyafi kaɗan-kaɗan tara shi ya ka yi. Inda ruwan ya cika gishiri, ciyawar paspalum ta bakin teku ta fi bermuda juriya. Ƙurar hunturu ma laka ce mai laushi, tana toshe fuska, shi ya sa huda ta farko a damina ba a tsallake ta.

Hajiya Mai Furanni:
Ƙanena Ɗan Gamkalle, katifa gidan tsutsa ce, ka sa ido daga Agusta zuwa Oktoba. In ka ga balbela ko wasu tsuntsaye sun dage wa wuri ɗaya da safe, narka cokali 2 na sabulun wanke kwano cikin litir 8 na ruwa ka zuba a mitir kare ɗaya. Cikin minti 5 zuwa 10 abin da ke ciki zai fito. In feshi ya zama dole a yi shi da yamma, da dare suke ci. Tuji a cire ta da wuƙa tun tana ƙarama, yawanta kuma alama ce ƙasa ta danƙare. Aya-aya ba a tuge ta, ƴaƴanta na ƙasa su ƙara tsiro. Maganin halosulfuron yana kashe ta ya bar bermuda, glifosat kuwa duka zai kwashe.

Alhaji Mai Sanda:
Litir 4,000 a yini, girin ɗaya. Sau 18 fa, tunda cikakken filin golf girin 18 gare shi? Anya ba gara girin rairai da ake gaurayawa da mai a daddaɓe ba, kamar yadda aka saba a filayen ƙasashen Sahel?

Ɗan Harobanda:
Litir 72,000 a yini a tsakiyar bazara, Alhaji, girin kaɗai ban da sauran fili. Wanda ba ya bakin kogi ko ba shi da furaj mai ƙarfi, ya tsaya kan na rairai ko ya yi girin ciyawa ɗaya na atisaye. Sai dai baƙin man mota da aka saba zubawa yana sauka ƙasa, kusa da rijiya bai dace ba.

Ɗan Gamkalle:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An tsayar da ire, an bar aski a 5. Saura abu ɗaya: gefen gabas akwai dogon yaro biyu, rana ba ta sauka girin sai wajen ƙarfe 10, kuma nan ne ciyawa ta fi sirancewa. A huda wurin tare da sauran?

Malam na Sadore:
A huda, amma tsaga a sassauta a wurin, aski kuma a ɗaga milimita 1. Bermuda na son rana awa 8, ta safe ta fi muhimmanci don ita ke busar da raɓa. A sassabe rassan da ke tare gabas, a haƙa siririn rami zurfin santimita 60 tsakanin itacen da girin a datse saiwoyin da suka shigo. Bayan shekara biyu a sake haƙawa, don suna dawowa.